Yadda zaka sayi MacBook a Saudiyya kuɗinka bai tafi a banza ba

'Yan uwa ɗalibai na Madina da masu iƙama a Jidda da Makka, har ma da alhazan da ake bawa sautu daga gida, tambayar da ake yawan yi ita ce wai MacBook, wato laptop ɗin kamfanin Apple, ta cancanci uban kuɗin da ake sayar da ita kuwa? Amsata ita ce eh ta cancanta, amma fa ba kowacce ba, kuma ba ga kowa ba. Tambarin tuffa da ke bayan murfi ba shi ne abin dubawa ba, furosesan da ke ciki, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, shi ne maganar.

Ka fara riƙe wannan. A watan Nuwamba 2020 kamfanin Apple ya fito da furosesan kansa mai suna M1 ya fara barin na Intel, daga nan M2 ta zo a 2022, M3 a 2023, M4 a 2024. Duk MacBook ɗin da aka yi kafin M1 Intel ce a cikinta, kuma su ne suka cika Haraj, shafin sayar da kayan hannu na Saudiyya, yanzu da farashi mai daɗi, jiki fes kamar sabuwa. Don Allah kar ka saya. Suna zafi, fanka na ta ihu, batir baya jimawa, waɗanda aka yi tsakanin 2016 da 2019 da yawansu suna da wani siririn kibod da ƙura kaɗan ke sa harafi ya maƙale, sannan babbar matsalar ita ce Apple sun riga sun sanar cewa macOS Tahoe ta 2025 ita ce ta ƙarshe da zata hau kan masu Intel. Wato ka sayi abin da mai shi ya fara sallama. Wallahi yana min ciwo in ga ɗalibi ya tara mukafa'arsa, wato alawus ɗin da jami'a ke ba shi, wata da watanni ya je ya ɗauko irin wannan don kawai an ce masa i7 ce, wato babban furosesan Intel.

Yadda zaka gane kuwa ba wuya, ka danna alamar tuffa a saman hagu ka shiga About This Mac, in ka ga an rubuta Apple M1 ko M2 zuwa sama to kana kan hanya, in ka ga Intel ka yi godiya ka wuce.

Kafin ma ka kai ga shago ka zauna ka rubuta manhajojin da kake aiki da su. Masu M basa ɗaukar Windows kai tsaye kamar yadda ake yi da Boot Camp a da, don haka in kai ɗalibin injiniyanci ne kana buƙatar SolidWorks ko Revit, waɗannan na Windows ne kawai, ka nemi Lenovo ThinkPad ko Dell Latitude ko HP EliteBook hankalinka kwance. Nan ma ka kula da ƙarnin furosesan Intel ɗin, wato zubi na nawa ne, i5 na ƙarni na 11 ya fi i7 na ƙarni na 6 nesa ba kusa ba, kuma Windows 11 a hukumance daga ƙarni na 8 take farawa, ga shi Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun Oktoba 2025. Amma in aikinka rubuta risala ne da Word, karanta PDF, Zoom, lissafin kasuwanci, gyaran hoto da ɗan bidiyo na YouTube, to gaskiya a wannan farashin ban ga abin da ya kama ƙafar MacBook Air ba, batir ɗinta kaɗai ya isa, ka fita tun safe ka yini a laburare baka nemi soket ba.

Sai maganar ram, wato wurin da kwamfuta ke riƙe ayyukan da ka buɗe, nan ne mutane suka fi yin nadama. A masu M ram da ma'ajiyar duk a manne suke da allon ciki, ba a ƙarawa, abin da ka saya da shi zaka rayu har ka rabu da ita. Kar wani mai shago ya ce maka ka ɗauki 8GB daga baya a ƙara, ba a yi. 8GB tana aiki in karatu ne da rubutu, amma in da hali ka ɗauki 16GB, su kansu Apple tun Oktoba 2024 suka mayar da 16GB mafi ƙaranci a Air. In kuɗin bai kai ka haɗa duka ba, ni na fi son ka ɗauki tsohon furosesa mai 16GB akan sabo mai 8GB, ma'ajiya kuwa ko 256GB ce zaka iya sayen ta waje ka jona.

Air mai M bata da fanka kwata-kwata. Amfaninsa shiru take kuma bata zuƙar ƙura, wanda duk wanda zai koma da ita Kano ko Zinder lokacin hunturu ya san darajar haka. Illarsa in ka ɗora mata aiki mai nauyi na tsawon lokaci cikin zafin Makka ba AC sai ta rage gudu don ta huce, to mai haɗa dogayen bidiyo kullum ya duba MacBook Pro mai fanka.

In sabuwa zaka saya, shagunan Jarir da eXtra da shafukan Amazon.sa da Noon duk suna da ita. Air mai M4 ta fito a 2025 akan dala 999 a Amurka, riyal kuma 3.75 ne a dala ɗaya, ka ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari zaka san inda farashin gaskiya yake. In ba gaggawa ka jira rangwamen ranar ƙasa ta 23 ga Satumba ko na watan Nuwamba. Ka karɓi fatura, wato rasit, ka adana, har ka ɗauki hotonta a waya, domin da ita zaka nemi garanti, kuma a yanar gizo ka duba waye ainihin mai sayarwa don ba duka kayan ne na kamfanin ba. Ka kuma tambaya ko kibod ɗin na da Larabci, na kasuwar nan yawanci suna da shi, waɗanda aka shigo da su daga Amurka babu, ga ɗalibin shari'a ko hadisi wannan ba ƙaramin abu bane.

Ta hannu kuma, ko a Haraj ko shagunan titin Khalid bin Walid a Jidda, nan sai ka natsu. Kar ka tura ko riyal ɗaya na kafin alƙalami sai ka riƙe ta a hannunka. Abu na farko iCloud, wato asusun Apple, mai ita ya fita daga asusunsa ya kashe Find My, mai kulle na'ura in ta ɓata, a gabanka, ya goge ta tas, kai kuma ka jona intanet ka kunna ta daga farko har ka shigar da naka asusun. In ta nemi kalmar sirrin wani to a kulle take, kuma in ka biya a haka ka sayi farantin ƙarfe ne mai tsada. A wannan kunnawar ne zaka ga ko ta rubuta Remote Management, ma'ana ta wani kamfani ce ko makaranta da basu sake ta ba, ita ma ka barta komai arhar ta.

Daga nan ka duba batir a System Settings, ka ga kashi nawa ya rage na ƙarfinsa, ka kuma duba sau nawa aka yi cajinsa a System Information, an tsara shi ne akan zagaye 1000, in ƙarfin ya sauka ƙasa da kashi 80 ka sa kuɗin canji a cikin ciniki. Ka saka lambar siriyal a shafin Apple na duba garanti ka ga ko ta dace da abin da aka faɗa maka. Ka buɗe farin shafi ka ƙure haske ka duba sikirin da kyau, gyaran sikirin ɗinta na da tsada sosai balle in ka koma gida, ka danna kowane harafi, ka gwada kyamara da sifika da kowace ƙofar caji. Minti 20 ya isa duk wannan, mai gaskiya ba zai hana ka ba.

Caja ka tabbatar ta asali ce. Filogin nan mai ƙafa uku irin na Najeriya ne, zai shiga ba sai da adafta ba, 'yan Nijar ne zasu nemi mai ƙafa biyu. Kuma tunda ma'ajiyar a manne take, in allon ciki ya mutu fito da fayilolinka yana da wuya ƙwarai, don haka ranar da ka saya ka haɗa da ma'ajiyar waje ka kunna Time Machine, manhajar Mac mai ajiye kwafin fayilolinka, musamman kai mai rubuta risalar majistir, wato digiri na biyu.