Yadda ake tsara tayil ɗin DNA masu gina kansu

Duk ɗalibin da ya zo min da wannan aiki, nakan ce ya ajiye maganar DNA tukuna, ya nemo kwali da almakashi. Tayil ɗin DNA 'yan guntaye ne da ake ginawa da zaren DNA, masu manne wa juna da kansu har su fitar da zane. Zaren DNA saye ake yi da tsada, kuma kuskuren da ka yi a kwali shi za ka maimaita a kwalbar gwaji.

Yanka kwalin murabba'i-murabba'i. Kowane murabba'i tayil ɗaya ne, kuma kowane gefensa yana ɗauke da lamba, 0 ko 1. Gefen hagu da na ƙasa su ne masu karɓa, na dama da na sama masu bayarwa. Ka'idar guda ce: idan lambobin da tayil ya karɓa iri ɗaya ne, sai ya bayar da 0, idan sun bambanta, 1. Nau'i huɗu ke nan, ka yanka kowanne da yawa. Masu bayar da 1 ka shafa musu baƙin tawada. Ba a juya tayil, ba a kifa shi. Masanin lissafi Hao Wang ne ya fito da irin waɗannan tayil a 1961, Erik Winfree na jami'ar Caltech ta Amurka ya mayar da su tsarin lissafi da DNA a 1998.

Sai iri, wato tayil na farko da ginin zai tsiro a kansu. Jera layi ɗaya a ƙasa, ɗaya a hagu, su haɗu a kusurwa, duk suna bayar da 1.

A nan ne kusan kowa ke faɗuwa, ni ma a nan na ɓata makonni. Hannu yakan yi gaggawa: ka ga gefe ɗaya ya dace, sai ka manna. Kada ka yarda. Tayil ba ya zama sai a gurbin da yake da maƙwabci a hagu da kuma ƙasa, kuma duka gefen biyu sun dace. Ƙarfin kowane gefe 1 ne, ana buƙatar 2. Lissafin gaba ɗaya a kan wannan sharaɗi ya rataya, domin tayil mai riƙe da gefe ɗaya rabin tambayar kawai ya ji. Na ga wata ɗaliba ta sa baƙi ɗaya a gurbin fari a layi na biyar. Ba ta lura ba sai da wani sabon alwatika ya tsiro a tsakiyar filin da ya kamata ya zama fari fat, ta zauna tana bin sawu har ta gano shi. Idan ka bi daidai, zanen Sierpinski zai fito, alwatika cikin alwatika.

A kwalba babu hannun da zai hana, zafi ne mai gadi. Ana riƙe zafin ruwan dab da inda tayil ke saki, yadda mai gefe ɗaya zai faɗi da wuri, mai biyu ya zauna. Duk da haka wani lokaci tayil na gaba yakan danne mai kuskure kafin ya faɗi. Da Paul Rothemund da abokansa suka gina wannan zane da DNA a 2004, kuskuren ya kai kashi 1 zuwa 10 cikin ɗari.

Sauran aikin sananne ne. Kowace lamba ka ba ta ɗan guntun zare mai haruffa biyar a bakin tayil, a haruffan DNA huɗu, A na kama T, C na kama G, kuma kada guntaye biyu su yi kama da juna. Zuba a ruwa mai magnesiyam, ɗumama zuwa digiri 90, ka bar shi ya huce a hankali, kar ka gaggauta. Sai ka ɗiga a kan mika, wani ma'adini mai sumul, ka duba da AFM, na'urar da ke nuna abubuwa ƙanana ƙwarai.