Kurakuran da ke kashe tsohon gidan ƙasa da sunan gyara

Da an gama girbi kuɗi sun ɗan shigo hannu, ko ɗan gida da ke aiki a birni ya yi niyyar kyautata wa iyaye, abin da ake fara ɗebowa shi ne buhunan siminti. Niyyar mai kyau ce, amma gidajen ƙasa da yawa da suka ga kakanni a wurin wannan gyaran suke gamuwa da ajalinsu.

Babban laifin shi ne shafa siminti a kan bangon ƙasa. Bangon da aka ɗora da tubali yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani, haka yake rayuwa. Siminti kuwa ba ya barin danshi ya fita, kuma shi da ƙasa ba sa motsi tare: rana ta buɗa shi, sanyin dare ya tsuke shi, ƙasar da ke bayansa tana nata motsin daban. Kafin a je ko'ina ya yi 'yan tsage-tsage kamar gashi, ruwa ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita. Daga waje bango sumul, daga ciki ƙasa tana narkewa, gara kuma ta samu duhu da laima. Ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa. In ka ji yana amsawa kamar ganga, simintin ya riga ya rabu da ƙasar, jira kawai yake ya zubo falle guda. Kafa ƙusoshi ko wayar kaji don ya kama ba magani ba ne, jinkirta faɗuwar kawai suke yi, ƙarfen ma ya yi tsatsa a ciki. Ko a Ingila, a yankin Debon inda suke da tsofaffin gidajen ƙauye na laka, masu gyara sun sha wannan wahalar, shi ya sa suke hana siminti.

Gyaransa sai da haƙuri. A ɓamɓare simintin da rani, yanki-yanki, kada a tuɓe bango gaba ɗaya rana guda. A bar shi ya sha iska har ya bushe. Inda ƙasa ta zaizaye sosai a cike da tubali da kwaɓi, ba da bulo ba. Sannan a yi yaɓe da irin ƙasar da aka yi ginin da ita. Ni dai ba na yarda a shafa kwaɓin da aka yi yau: a zuba ƙasa, a sa yankakkiyar ciyawa da kashin shanu ko na doki, a tattake, a rufe, a bar shi ya ruɓa kwana uku zuwa mako, ana juyawa. Yawan yashi ya danganta da ƙasar wurin, don haka a yi gwaji. A shafa faci uku a bango, ɗaya babu yashi, ɗaya kwanon sarki uku na ƙasa da ɗaya na yashi, ɗaya biyu da ɗaya. Wanda ya tsattsage yumɓu ya yi masa yawa, wanda ke marmashewa a hannu yashi ya yi masa yawa. A yayyafa wa bango ruwa kafin shafi, kauri kada ya wuce inci ɗaya a lokaci guda, a jira ya bushe kafin a ƙara. Shafin ƙarshe a kwaɓa shi da ruwan makuba, wato jiƙaƙƙen ɓawon ɗorawa. Inda har yanzu akwai marina da majema a kusa, laso, wato shafin gargajiya mai hana ruwa shiga, ya fi ƙarko: ana haɗa shi da katsi, wato abin da ke kwantawa a ƙasan karofin rini, da gashin jima, da ruwan dafara, wani tsiro mai yaɗo.

Na biyu kuma rufi ne, a nan ma raina yana ɓaci. Haba jama'a! Mutum ya samu soro mai azara, ɗaki mai sanyi ko a tsakiyar bazara, don ya ɗiga sau biyu sai ya sa a rushe a buga kwano? Yawancin yoyon soro daga indararo yake. Ko ya toshe da ganye da sheƙar tsuntsu, ko ya karye, ko ya yi gajere yana zubo da ruwa a jikin bango. A hau a duba kafin ruwan farko, a share, a liƙe bakinsa da kyau, ya fito waje aƙalla kamu guda, a kuma ajiye dutse ko fasassun tukwane inda ruwan ke sauka. Wata ɓarnar ita ce ƙara ƙasa a kan rufi kowace shekara ba a kankare tsohuwa ba. Nauyi yana taruwa, in ta sha ruwa ya ƙaru, azara ta lanƙwasa, tsakiyar rufi ya zama kwari mai tara ruwa. Kankare tukuna, sannan a shafa sabo da gangare zuwa indararo. Azarar da ta lalace a musanya ta da azarar giginya da ta ƙosa, domin gara ba ta cika iya mata ba. Katakon kasuwa a cikin ƙasa abincin gara ne. Kuma azara ba ta son tazarar da ta wuce wajen ƙafa shida ba tare da tallafi ba. Abin da ya sa magina suka ƙware a bakan gizo ke nan, wato lanƙwasasshen tallafin da ke ɗauke da rufi, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya.

In dole sai kwano, to a yi shi da hankali. Bakinsa ya zarce bango da ƙafa biyu ko fiye ta kowane gefe. Kafinta mai tsumulmular kwano da zai yanke shi daidai bakin bango ya cuce ka, malam, ko da ya rage maka kuɗi. A ɗaure katakon rufin da waya mai kauri da ta ratsa cikin bango, don iskar farkon damina ba ta wasa. A bar 'yar kafa tsakanin kwano da silin domin zafi ya fita.

Gindin bango ma ana zaluntarsa. A zuba kankare a tsakar gida, a ɗaga shi sama da daɓen ɗaki, ruwa ya koma yana kwanciya a gindin gini. Ƙasa ta gangara daga bango zuwa waje, magudana ta kasance a buɗe, randa da wurin wanke-wanke su yi nesa da shi. Tayil a ɗakin ƙasa yana tura danshi zuwa bango, alamarsa farin gishiri-gishiri da ke fitowa daga ƙasa zuwa gwiwa. Daɓe da makuba ya fi dacewa da irin wannan gini.

Fentin mai yana toshe bango kamar siminti, a yi amfani da farar ƙasa. Bututun ruwa kada ya bi ta cikin bango, a bi da shi ta waje inda ido zai ga yoyo. Wayar lantarki a sa ta a roba a kan bango, ban da sassaƙa rami. Taga in za a faɗaɗa ta, a fara sa azara a samanta ta shiga bango ƙafa guda kowane gefe, kuma a nisanci kusurwa. Silin na zamani a ƙarƙashin soro yana ɓoye yoyo da hanyar gara har sai abu ya ɓaci.

Zayyanar ƙofar zaure da zankwaye kuma, don Allah a daina gogewa wai don bango ya miƙe. Wanda zai gyara su ya ɗauki hoto tukuna, ya nemo magini dattijo da ya san zanen dagi da hannu. Aikin duka a fara shi bayan ɗaukewar ruwa, a gama kafin watan Afrilu. In hunturu ya yi tsanani a rataya tabarma ko buhu a gaban sabon yaɓe, don busasshiyar iska tana tsaga shi kafin ya kama.