Yadda Ake Shirya Hutun Zagayen Tsibirai a Jirgin Ruwa Tare da Abokai

Hutu a babban jirgin ruwa na shaƙatawa yana da sauƙi ga rukunin abokai, domin masauki da abinci da sufuri duk suna wuri guda. Za a kwanta a gaɓar wani tsibiri, a wayi gari a gaɓar wani, ba tare da an sake ɗaure kaya ba. Amma yawancin saɓanin da ke tasowa a irin wannan tafiya a kan kuɗi da lokaci ne, kuma kusan dukkansa ana iya kashe shi tun kafin a bar gida.

Mataki na farko shi ne ku zauna ku yi maganar kuɗi ba tare da kunya ba. Farashin da kamfanoni ke tallatawa na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗaki, saboda haka wanda ya ce shi kaɗai zai zauna a ɗakinsa yakan biya kusan ninki biyu. Wannan farashi kuma galibi bai haɗa da tukwicin ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum ba, bai haɗa da intanet ba, haka ma yawancin abin sha, da yawon buɗe ido a tsibirai, da kuɗin jirgin sama zuwa tashar da za a tashi. Ku tara waɗannan duka a lissafi ɗaya, kowa ya ga jimillar da idonsa, wanda bai iya ba ya faɗa tun da wuri, domin da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ana fara biyan kafin alƙalami, a cika sauran wata biyu zuwa huɗu kafin tafiya, gwargwadon kamfani, kuma wanda ya janye bayan wannan wa'adi yakan yi asarar wani kaso ko duka. Ku yanke tun yanzu, a rubuce, wa zai ɗauki ƙarin kuɗin idan abokin ɗakin wani ya fasa. A ganina ya fi kyau a naɗa mutum ɗaya ya riƙa magana da kamfani, amma kowa ya biya nasa kai tsaye, kada kuɗin jama'a su kwana a hannun mutum guda.

Mataki na biyu shi ne zaɓen yanki da lokaci. Mafi yawan jiragen da ke zagaya tsibiran Karibiyan daga jihar Florida ta Amurka suke tashi, daga Miyami ko Fort Lauderdale ko Port Canaveral, su yada zango a wurare irin su Nassau ta Bahamas, da Kozumel ta Meziko, da Jamaika. Lokacin guguwa a Tekun Atlantika yana farawa ranar 1 ga Yuni ya ƙare ranar 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba. Farashi yakan sauka a wannan tsakani, sai dai kyaftin yana da ikon sauya hanya ko soke wani tsibiri. A kudu maso yammacin Tekun Indiya kuwa, wajajen tsibirin Moris, lokacin guguwar daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. Ga waɗanda ba su taɓa kwana a teku ba, tafiyar dare uku zuwa biyar ta isa gwaji.

Na uku, takardu. Kowa ya tabbata fasfonsa yana da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa, ya kuma bincika bizar ƙasar da jirgin zai tashi da ta kowane tsibiri, domin sharuɗɗan sun danganta da ƙasar da ta ba shi fasfo, kuma abokai biyu suna iya samun amsa daban. Idan jirgin zai fita ya dawo ƙasa ɗaya, a nemi bizar da ta halatta shiga fiye da sau ɗaya. A yanki inshorar tafiya wadda ta haɗa da jinya, domin asibitin cikin jirgi ba kyauta ba ne.

Na huɗu, ɗakuna. Akwai na ciki marasa taga, su ne mafi araha, akwai masu taga, akwai masu baranda. Wanda jiri da tashin zuciya ke damunsa a ba shi ɗaki a tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa, inda tangaɗi ya fi sauƙi. Kamfanoni da yawa suna ɗaukar ɗakuna 8, wato mutum 16, a matsayin rukuni mai samun rangwame. Ko ba ku kai haka ba, ku nemi a haɗa rajistarku domin a ba ku teburin cin abincin dare ɗaya. Mai abincin da ba ya ci ya sanar tun a nan.

Na biyar, ku isa garin da tashar take kwana ɗaya kafin ranar tashi, domin jinkirin jirgin sama ba hujja ba ce a wurin jirgin ruwa. Manyan akwatuna ana karɓar su a bakin tasha, ba sa isa ɗaki sai bayan sa'o'i, don haka fasfo da magunguna da kayan sawa na canji ɗaya su kasance a jakar hannu. Dutsen guga da kyandir an hana shiga da su saboda gobara. Da kun shiga za a kira ku atisayen ceto, wanda dokar ƙasa da ƙasa ta wajabta a yi kafin tashi ko da zarar an tashi, tun bayan hatsarin jirgin Costa Concordia a gaɓar Italiya a 2012, inda mutum 32 suka mutu. Kowa ya san wurin taruwarsa na lokacin gaggawa, wanda yake rubuce a bayan ƙofar ɗakinsa, kuma ba lallai ya zo ɗaya da na abokinsa ba. Alamar gaggawa ita ce ƙaho gajere sau 7, sai dogo sau ɗaya.

Na shida, kuma wanda ya fi jawo nadama, shi ne ranar sauka a tsibiri. A bakin tsani akwai allo da aka rubuta lokacin da dole kowa ya dawo, yawanci minti 30 kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki, wanda wani lokaci yake bambanta da na tsibirin da sa'a guda. Wayar hannu takan sauya lokacinta da kanta, shi ya sa agogon hannu da aka saita da na jirgi ya fi aminci. Idan yawon da kamfanin jirgi ya shirya ne ya makara, ana jira. Idan ku kuka ɗauki tasi da kanku, jirgi zai tafi, ku nemi hanyar tarar da shi a zango na gaba da kuɗinku. A tsibiran da jirgi ba ya iya matsawa gaɓa, ƙananan jirage ne ke jigila, layinsu kuma yakan yi tsawo da yamma. Ku ɗauki hoton allon, ku tsayar da dawowa sa'a guda kafin wa'adin.

Na bakwai, kada ku ce sai an yi komai tare. Mai son ninƙaya da mai son barci har hantsi ba za su daidaita ba, kuma jiran juna a bakin lif yana cinye rabin yini. Ku tsayar da haɗuwa guda ɗaya a rana, kamar abincin dare, sauran lokaci kowa ya kama gabansa. Ku kashe layin waya idan an shiga teku, domin kira ta tauraron ɗan Adam yana da tsada ƙwarai, ku kuma yawaita wanke hannu da sabulu saboda ciwon amai da gudawa yana saurin yaɗuwa a jirgi.

A daren ƙarshe kowa ya duba lissafin abin da aka ɗora wa katin ɗakinsa, wato katin da ake sayayya da shi a cikin jirgi, ya gyara kuskure a teburin kula da baƙi kafin safiya, sannan ya ajiye akwatinsa a ƙofar ɗaki a lokacin da aka faɗa domin ma'aikata su sauke shi, bayan ya ware kayan da zai sa gobe.