Yadda za ka gane gen ɗin ƙaramin ampli ba da kunne kaɗai ba

Wani aparanti a atalye ɗinmu nan Tawa ya haɗa ƙaramin ampli na taranzisto guda, ya zo yana murna wai maigida ji ƙara, ya yi. Na ce masa sau nawa yake ninka siginal ɗin da ka ba shi? Ya yi shiru yana kallona. To abin da ake kira gen ke nan fa, tansiyon ɗin da ya fito ka raba shi da wanda ya shiga, shi ke nan, in ka ba shi milivolt 100 ya fito da 460 to gen ɗinka 4,6 ne. Lissafin ba wuya, inda mutane ke faɗuwa wurin awo ne.

Bari mu ɗauki montaj ɗin da kowa ya fara da shi, wanda littattafan Faransanci ke kira émetteur commun. Batir 12 volt, taranzisto BC547 ko C945 da za ka iya kwancewa daga tsohuwar rediyo, ƙafafunsa uku su ne baz da kolekta da emeta, rezistans 47k, wato om dubu 47, daga plus zuwa baz, 10k daga baz zuwa mas, wato minus na batir, 4,7k a kolekta, 1k a emeta, sai kondansata 10 mikro, wato mikrofarad 10, a mashiga da wata a mafita. Amma hattara da ƙafafu, in ka fuskanci gefen da ke da rubutu ƙafafu suna ƙasa BC547 jerinsa kolekta baz emeta ne, shi ko C945 emeta kolekta baz, mutane da dama sun kwana suna zagin montaj alhali ƙafa ce suka juya.

Kar ka sa siginal tukuna. Wannan shi ne abin da nake ta faɗa har bakina ya gaji, ka fara da awon DC, wato tansiyon tsayayye irin na batir, baƙar waya ta miltimeta a mas ja tana yawo. A baz ya kamata ka ga wajen volt 2 ko 2,1 saboda 47k da 10k sun raba 12 ɗin. Taranziston silisiyom yana cin kamar 0,6 zuwa 0,7 tsakanin baz da emeta, saura wajen 1,4 a emeta, kuma 1,4 a kan 1k yana nufin kuran miliamper 1,4 ke wucewa. Wannan kuran ɗin in ya bi ta 4,7k zai zubar da kusan 6,6 volt, ka ga kolekta zai tsaya wajen 5,4. In abin da ka gani ya yi kusa da waɗannan ka ci gaba, ba sai ya zo daidai cif ba don rezistans mai zoben zinariya tana da kuskuren kashi 5 cikin 100. In ko kolekta ya nuna 12 cur to taranzisto a rufe yake babu kuran, duba baz ko ƙafar da ba ta kama dalma ba. In kolekta da emeta sun kusa zama ɗaya ya ƙoshi ke nan, ya cika ya batse, babu sauran wurin da siginal zai motsa, kuma duk awon gen da ka yi a haka ɓata lokaci ne.

Gen na kan takarda ka raba rezistans ta kolekta da ta emeta, 4700 a raba da 1000 ya ba da 4,7. Akwai wata ƴar ƙaramar rezistans da ke ɓoye cikin taranziston kansa a emeta, ana samunta in aka raba milivolt 26 da kuran ɗin, 26 a raba da 1,4 wajen om 18, in ka ƙara ta kan 1000 gen ya sauko 4,6. Yanzu kamar ba ta da amfani, riƙe ta a ranka za mu dawo kanta.

Siginal kuma ba sai kana da janareta na labo ba, salularka ta isa in tana da ramin ekute, akwai aplikasiyon masu fitar da sauti guda tsaf, ka yanke tsohon ekute ka ɗauki waya guda da mas ɗinta. Matsalar miltimeta ce. Ƴar rawayan nan mai arha DT830 da ke ko'ina a kasuwa, a gefen AC 200 da 750 kawai take da su, an yi ta ne don auna kuran na gida, milivolt 100 ba ta ma san ya wuce ba, ga shi in akwai DC a wurin sai ta ba ka lambar ƙarya. Ka nemi mai ma'aunin 2 volt ko 200 milivolt a AC ko aro ne, kuma ka sa sautin a 200 ko 400 hertz maimakon 1000 don yawancin masu arha daga 400 suke fara kasawa. Ka auna mashiga, ka auna mafita bayan kondansata ba a kan kolekta ba, ka raba. In ka ga wasu suna magana da desibel, 20 ne sau logaritim na gen, 4,6 ya zama wajen 13, ninki 10 shi ne 20, ninki 100 shi ne 40.

Mai osiloskop ya huta, ko ƙaramin nan DSO138 da ake haɗawa da hannu ya ishe ka aikin sauti. Mai layi biyu zai nuna maka wani abu da miltimeta ba ta faɗa, siginal ɗin a kife yake fita, in mashiga ta hau mafita sauka take, wannan ba laifi ba ne halin montaj ɗin ne.

To yanzu ka rataya masa kaya, wato abin da zai ci siginal ɗin a mafita. Sa rezistans 10k daga mafita zuwa mas ka sake awo, za ka ga gen ya sauko wajen 3,1, in 4,7k ka sa ya rabu biyu. Dalili shi ne a idon siginal kayan nan da rezistans ta kolekta a jere suke kafaɗa da kafaɗa, su biyun tare suka zama ƙarama. Shi ya sa in ka liƙa masa baful, wato lasifika, na om 8 kai tsaye gen ɗin bai ko kai 1 cikin 100 ba, sai ka ji ɗan kuka kamar sauro. Wannan hawa na farko ne kawai, a bayansa ake sa mai tura baful irin LM386, wanda gen ɗinsa 20 ne in ka bar shi haka, 200 in ka sa 10 mikro tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8.

Abin da ya rudi yaron nawa shi ne ya sa kondansata 100 mikro a kan 1k ta emeta. Da ka yi haka siginal ya sami hanya ta gefe ya tsallake 1k ɗin, saura ƴar om 18 ɗin nan kaɗai, 4700 a raba da 18 gen ya haura 250. Daɗin ji ga lamba amma wallahi ba na son montaj ɗin nan haka. Om 18 ɗin ba tsayayya ba ce, tana canjawa da kuran, kuran kuwa siginal ɗin kansa ke motsa shi, saboda haka da mashiga ta wuce kamar milivolt 10 rabin igiyar ɗaya ya fi ɗaya tsawo murya ta fara shaƙewa. Ga zafi. Milivolt 26 ɗin nan na wajen digiri 27 ne, a digiri 45 ya wuce 27, kuma tsakanin baz da emeta yana raguwa kamar milivolt 2 a kowane digiri guda, kai ka san shago mai rufin kwano a watan Afrilu a Adar, awon safe da na azahar ba za su zo ɗaya ba. Kawo bakin fer, ƙarfen narka dalma mai zafi, kusa da taranzisto ba tare da ka taɓa ba kana kallon tansiyon na kolekta za ka ga yana sauka a hankali. Ni abin da nake yi in raba ta emeta biyu, om 100 a sama ba kondansata, 1k a ƙasa da kondansata a kanta, gen ya zauna wajen 40 kuma bai cika damuwa da zafi ko canjin taranzisto ba.

Ka kuma nemo iyakarsa. Koma montaj na farko, cire kaya da kondansatar emeta, ka riƙa ƙara sautin salula kaɗan kaɗan kana raba mafita da mashiga kowane mataki, muddin amsar tana 4,6 lafiya lau, inda ta fara raguwa nan ya fara yanke kan igiya. A wannan montaj ƙasa ce ke fara yankewa, don kolekta na da wajen 6,6 volt na hawa amma na sauka 3 ne da ɗan kai, ke nan mashiga ta kusa rabin volt a miltimeta an zo bango. Wata salular ba ta ma kaiwa nan ko ka ƙure ta.

Sai maganar bas. Ka riƙe mashiga a ƙarfi ɗaya kana rage hertz, inda mafita ta faɗo kashi 70 cikin 100 na yadda take nan ne iyakar ƙasa. Mashigar montaj ɗin nan wajen 8k ce, da 10 mikro iyakar tana wajen hertz 2 ba ruwanka, amma gwada sa 100 nano, wato kashi 1 cikin 100 na 10 mikro, a madadinta za ka ga ta hau wajen 200, bas ya tafi murya ta koma kamar ta cikin gwangwani. Kondansatar emeta ma tana yin haka, 100 mikro da om 18 suna yankewa wajen hertz 90, kuma tsohuwar da ka ciro daga rediyon da ya sha rana ta yiwu ta bushe ba ta kai abin da aka rubuta a jikinta ba. Iyakar sama ta wuce abin da salula da miltimeta za su iya, sai da osiloskop.

In kana jin guuu ko babu siginal alhali da alimantasiyon mai cin kuran gida kake ba shi wuta, mayar da shi kan batir ka gani. In ya ɗauke to alimantasiyon ce ba ta tace da kyau, in bai ɗauke ba wayar mashiga ce ta yi tsawo tana kwasar hertz 50 na kuran gida, gajarta ta ko ka sa mai sulke ka haɗa sulken da mas.