Yadda ake gasa nama mai kauri a gida ya nuna har ciki

Yawancin masu gwada gasa nama mai kauri a gida wajen wuta suke faɗuwa. Mutum ya saba ganin mai tsire na juya tsinke cikin 'yan mintuna ya miƙo, sai ya ɗauka haka zai yi, ya manta tsire yankan siriri ne, shi kuwa wannan kaurin yatsu biyu ne, wajen santimita 3 zuwa 4. Ƙarshe waje ya yi baƙi ƙirin ciki kuma ɗanye.

Ka je abbatuwa ta Fagge a Kano da sassafe ko wajen mahaucin da ka saba da shi, ka ce naman gadon baya kake so, a yanka maka da kauri, kar a tsattsaga. Shanunmu masu yawon kiwo ne, namansu da tauri, in ka karɓi cinya ka sha wahalar tauna. Da tsadar naman nan yanzu gara ka sayi kaɗan mai kyau. In ka wanke, ka tsane shi sosai da kyalle mai tsabta, jiƙaƙƙen nama baya yin ja, dahuwa yake da tururi. Gishiri da masoro kawai, awa ɗaya kafin gashi. Yajin ƙuli kuwa ajiye shi sai an sauke, gyaɗar ciki ƙonewa take ta sa ɗaci.

To ga wajen da nake so ka nutsu. Ka hura gawayi, kar ka ɗora komai sai harshen wuta ya mutu garwashin ya yi farar toka a sama, mutane basa iya haƙurin nan wallahi, suna ganin wuta ta tashi sai su ɗora, hayaƙi da warin kalanzir duk su shige naman. Sannan ka tura garwashin gefe ɗaya na kurfoti, ɗaya gefen ka bar shi kusan babu komai. Shafa man gyaɗa kaɗan a jikin naman, ɗora a waya saitin garwashin, minti 2 zuwa 3 kar ka taɓa, in ya saki wayar da kansa ka juya, ɗaya gefen ma haka. Daga nan ka ja shi gefen da ba garwashi ka kifa masa murfin tukunya ko kwanon silba, a nan cikinsa zai nuna a hankali, kamar minti 10, kana juyawa jefi-jefi. In kitse ya ɗiga wuta ta tashi, janye naman, kar ka watsa ruwa toka ta bule shi. Kuma don Allah daina caka masa cokali mai yatsu, romon kake zubarwa.

Mai ma'aunin zafi na abinci ya soka a tsakiya, in ya kai digiri 63 a ma'aunin Celsius ya nuna, in gidanku ba a son ganin ja ko kaɗan ka kai shi 70. Jan ruwan nan ma ba jini ba ne, jinin ya fita tun wajen yanka.

Sauke, bar shi minti 5 a rufe kafin wuƙa ta taɓa shi. Ka yanka a gicciyen zaren naman sirara-sirara, barbaɗa yaji, albasa da tumatir a gefe.