Yadda za ku yi Babbar Sallah a ƙasar waje da jaka a goye

Yin Sallah a ƙasar wasu ba baƙon abu ba ne ga mutumin Adar. Tun zamanin kakanni 'yan bida na Tawa, Illela, Keita da Buza suke layya a Abijan da Kumasi da Legas. Sai dai ɗan bida yana da ɗakinsa, yana da mai gida, yana da 'yan garinsu da suka riga shi zuwa. Waɗanda nake magana da su yau daban ne: ɗalibai da ƙananan ma'aikata da kan haɗu su uku ko huɗu daga Yamai ko Tawa, kowa da jaka ɗaya a baya, su kama hanya don buɗe ido, yau Lome gobe Akara. Irin waɗannan ko tukunya ba su da ita. In Sallah za ta riske ku a hanya, ga yadda ake yi.

Abu na farko, ku tsayar da garin da za ku yi ta, ku isa can saura kwana uku ko huɗu. Kada ku yarda jajibiri ya same ku a tasha. Ranar nan kowa gida ya nufa, motoci cike suke maƙil, in kuma kun isa da dare ba wanda ke da lokacin baƙo, kowa na fama da ragonsa. Ranar Sallar ma kada ku ɗauke ta daga abin da aka faɗa a rediyon gida. Ba sau ɗaya ba Nijar ta sha bamban da maƙwabtanta da kwana guda, a Senegal kuwa akan yi idi rana biyu a gari ɗaya, kowane ɓangare da ganin watansa. Ku tambayi limamin masallacin unguwar da kuka sauka, ku bi shi. Sannan ku tuna, a mazhabar Malikiyya da muke bi, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya daina kasaru, sai ya cika sallolinsa.

Takardu da kuɗi ba sai na tsawaita ba. Nijar da Mali da Burkina sun fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 29 ga Janairun 2025, don haka kafin ku tashi ku je kamfanin motar da za ku shiga ku tambayi takardar da ake nema a kowace iyaka da kuma hanyar da ake bi a lokacin, su ne suke ratsa ta kullum. Karnen rigakafin zazzaɓin shawara kada ya bar jakarku. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har tsawon rai, amma sai da karnen a hannu. Sefa tana ci a Benin, Togo, Kodibuwa, Senegal, Mali, Burkina da Gine-Bisau. Da kun taka Aflao kuka shiga Gana sai sidi, ku yi canji kafin ranar hutu.

Mataki na gaba shi ne wanda komai ya rataya a kansa: ku nemi zango. Kusan duk babban garin kurmi yana da unguwar da ake jin Hausa. A Akara akwai Nima da Mamobi da Sabon Zango, Kumasi tana da nata, Lome akwai Agoe-Zango, Kwatano ma unguwar Zango tana tsakiyar gari da babban masallacinta. A Abijan ku nufi Adjame ko Treichville. A Dakar, inda ba zango irin wancan, ku nemi masu gashin nama, da yawansu mutanen Nijar ne. Hanyar shiga ɗaya ce ko'ina. Ku yi sallar magariba a masallacin unguwa, in an sallame kada ku yi saurin tashi. Babbanku ya matsa wurin liman ko wani dattijo ya gaishe shi yadda ya kamata: "Malam, barka da yamma. Mu baƙi ne daga Tawa, Sallah ta riske mu a hanya, muka ce bari mu gabatar da kanmu." Iyakar maganar ke nan. Kada ku roƙi masauki, kada ku roƙi nama. Tambaya ce za ta biyo baya, wace unguwa a Tawa, gidan wa, kun san wane? Da wuya a watse ba a turo yaro ya kai ku wurin wani ɗan ƙasarku mai shago ko mai shayi ba. In ana da Sarkin Zango ko shugaban 'yan Nijar mazauna garin, ku kai masa gaisuwa da ɗan goro. Abin da za ku kashe bai taka kara ya karya ba, amma daga ranar kun zama baƙin wani, in wata matsala ta taso akwai mai tsaya muku.

Ni a ganina ko da an yi muku tayin ɗaki, gara ku riƙe masaukinku na kuɗi ku riƙa zuwa gidan da yini. Gidajen zango a matse suke, ranar Sallah kuma dangi na ta shigowa. In akwai mace a tafiyarku, ita kam a haɗa ta da uwargidan, za ta fi ku jin daɗin Sallar nesa ba kusa ba.

Daga nan sai asusu. Ku zauna tun kafin a kashe ko dala, kowa ya faɗi abin da zai iya, a damƙa wa mutum ɗaya, shi kuma ya riƙa rubutawa a salula kowa na gani. Kuɗin motar komawa kada ya shiga wannan asusu ko da wasa. Abokan tafiya ba su cika ɓatawa a kan gajiya ko yunwa ba, a kan "wa ya biya kaza" suke ɓatawa.

Nan ne maganar rago take tasowa, kuma nan samari suka fi kuskure. Sai ka ji sun ce mu haɗa kuɗi mu huɗu mu sayi rago mu yi layya. A Malikiyya ba a tarayya a kuɗin dabbar layya. Mutum ɗaya ne zai mallake ta, yana iya sa iyalinsa da ke ƙarƙashinsa a cikin lada, amma abokai ba za su yi karo-karo su kira ta layyar kowa ba. Ko mazhabobin da suka yarda da tarayyar mutum bakwai, a kan sa da raƙumi suka yarda, ba a kan rago ba. To mafita biyu ce. Ko mai hali a cikinku ya saya da kuɗinsa shi kaɗai, ya yi layyarsa ku ci tare, ku kuma ku ɗauki nauyin shinkafa da mai da kayan miya. Ko ku shiga watanda da mutanen unguwa, ku karɓi kasonku na nama ku yi shagalinku, kun san nama ne kuka saya ba layya ba. Ba abin kunya a ciki, layya sunna ce a kan mai iko. Wanda kuma ya fi son a yanka masa a gida, sai ya tura kuɗin ta kamfanin aika kuɗi irin su Nita ko Amana ko Al Izza ya wakilta wansa ko babansa, a Tawa ragon ya fi sauƙi.

In dai saye za a yi, kada ku tafi kasuwa ku kaɗai. Ku ɗauki ɗan gari, a Abijan zuwa Port-Bouet, a Akara zuwa Tulaku ta wajen Ashaiman. Yawancin ragunan can daga Sahel ake kai su, kuɗin mota da na hanya duk a kansu suke, shi ya sa farashin zai ba ku mamaki. A 2025 ma gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi gab da Sallah. Ku buɗe bakin ragon ku duba haƙora, ku sa ya yi tafiya ku gani. Mai ido ɗaya, gurgu, marar lafiya da ramamme ba sa layya.

Jajibiri ranar ƙananan ayyuka ce: aski, cefane, cajin salula, sayen katin intanet. Kayan Sallah kuwa tun daga gida ake tanadinsu. Riga da wando ɗaya na shadda, a naɗe su a nannaɗe kamar tabarma a sa cikin leda a ƙasan jaka, hula a cusa mata safa don kada ta lotse. A kai wa mai guga da wuri. A shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne wajen Mayu da Yuni, tsakiyar damina a Akara da Lome da Abijan, wanki ba ya bushewa a yini ɗaya kamar a Yamai.

Ranar idi ku fita da wuri tare da mai masaukinku, kowa da dardumarsa, fasfo da manyan kuɗi a bar su a kulle. A Akara ana taruwa a Dandalin 'Yanci, akwai kuma Babban Masallacin Ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021. A Dakar akwai masallacin Masalikul Jinan da aka buɗe a 2019. Ku sa wurin haɗuwa tun kafin ku shiga taro, don layin waya yakan cushe. Ba a yanka sai liman ya yanka, kuma akwai sarari har rana ta uku, da rana ba da dare ba, saboda haka in mahauci ya yi wuya ranar farko ku bari sai gobe.

Ga inda zuciya za ta ɗan sosu. A Yamai da Tawa mun saba a feɗe rago a shimfiɗa shi kan itatuwa biyu a giciye, a jera raguna kewaye da wuta guda a bakin titi, unguwa duk ta ɗauki ƙamshi, sai kashegari a sauke a raba. Wannan ba za ku same shi a kurmi ba. Fili babu, itace da tsada, ga ruwa yana iya saukowa ko yaushe. Kada ku ce sai kun yi irin na gida. Ku raba naman uku. Kaso ɗaya ku kai wa mai tsire na unguwa ya gasa muku balangu, ku biya shi ladansa da kuɗi, don ba a biyan aiki da naman layya. Kaso na biyu na mai masauki ne da maƙwabta da mabuƙata. Na ukun a yayyanka ƙanana, a tafasa da gishiri da albasa da citta har ruwan ya tsotse, a soya a kitsensa har ya yi ƙayau, a bar shi ya huce sarai kafin a zuba a roba mai murfi. In aka rufe shi da ɗumi, gumin da zai yi shi ne zai lalata shi. Kai da ƙafa da kayan ciki ku ba uwargidan, ku ce "Hajiya, ga wannan a yi mana dabara", da yamma za ku ga kwano ya dawo.

Sannan ku ci na garin. A Gana waken da shinkafa da suke dafawa da karan dafi, da tuwon zafi da miyar ayoyo. A Abijan garba, wato acceke, dambun rogo, da soyayyen kifi, wanda 'yan Nijar suka daɗe suna sayarwa. In kun yi abota da wasu matafiya a masauki, Turawa ne ko Kiristocin gari, ku kira su su zauna a tabarma. A kurmi haka ake yi, Musulmi ya aika wa maƙwabci nama da Sallah, shi ma a aiko masa da abinci da Kirsimeti. Butar shayi da ƙananan kofuna in kun taho da su, fada ta kafu ke nan har tsakar dare.

Kiran gida kuwa a lura da agogo. Nijar tana gaban Gana, Togo, Kodibuwa da Senegal da awa ɗaya, da Benin da Najeriya ne take daidai. Lokacin da kuke saukowa daga idi su can hannunsu na cikin fiɗa, ba mai ɗaga waya. Ku bari sai bayan la'asar, a fara da Baba da Inna, a nemi gafara, sannan sauran dangi. Barka da Sallar ƙanne a tura ta tun jajibiri.

Tikitin tashi ku saye shi tun ranar da kuka iso, na kwana na uku ko na huɗu bayan Sallah, don lokacin ne waɗanda suka je gida suke komowa, motoci su sake cika. Daren tafiya ku koma ku yi sallama da liman da mai masauki ƙafa da ƙafa, ku ba yaran gidan ɗan abin da ya samu, ku karɓi lambar waya. Ku tambaya ko akwai saƙon da za a kai gida, don da wuya a rasa mai son a miƙa wa tsohuwarsa atamfa ko 'yan kuɗi a Tawa. Duk ƙunshin da aka ba ku, a buɗe shi a gabanku ku ga abin da ke ciki kafin ya shiga jaka, domin a iyaka ku za a tambaya.