Yadda Za Ka Karɓi Gaisuwar Karen Greyhound da Safe

Greyhound kare ne dogo, siriri, mai zurfin ƙirji da matsattsen ƙugu, wanda gudunsa ke kaiwa kusan kilomita 70 a sa'a. Duk wanda ya taɓa ganin karen Azawak na Buzaye a Nijar ko Mali ya riga ya san irin wannan ƙira, domin dukansu da ido suke farauta, ba da sansanar ƙasa ba. Mafi yawan waɗanda ake kiwo a gidaje a Ingila da Ayalan da Ostiraliya da Amurka tsofaffin 'yan tsere ne, waɗanda aka sallama daga fili suna da shekara biyu zuwa biyar. A Ingila an fara tseren a 1926 a filin Belle Vue na Manchester, kuma tun 1975 ƙungiyar da yanzu ake kira Greyhound Trust take samar wa waɗanda suka yi ritaya gidaje. A jihar Florida ta Amurka masu zaɓe sun kaɗa ƙuri'ar kawo ƙarshen tseren a 2018, abin da ya sa karnuka masu yawa suka koma hannun iyalai. Dole ne ka riƙe wannan asali a zuciya, domin kusan duk abin da karen zai yi maka da safe a gidan horo, wato inda ake ajiye karnukan tsere ana horar da su, ya koyo shi.

Ka fara da abin da ya fi kome haɗari, wanda kuma ba ya kama da haɗari ko kaɗan, wato karen da ke barci. A gidan horo babu wanda ke isa ga kare sai ya riga ya ji ƙarar ƙofa da takun ma'aikata da haushin 'yan uwansa. Saboda haka akwai greyhound da ya kai shekara huɗu a duniya ba a taɓa ɗora masa hannu yana barci ba. Idan ka sunkuya ka shafa kansa da asuba, yana iya zabura da gurnani, ko ya kai cizo cikin iska, kafin ma ya gane ko wane ne kai, sa'annan ya tsaya yana kallonka a ruɗe. Wannan firgita ce, ba mugunta ba, kuma duka ko tsawa ba sa magance ta. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne wasunsu suna barci ido a ɗan buɗe, har mutum ya zaci a farke suke. Ka tsaya nesa da shimfiɗarsa kamar taku uku, ka kira sunansa a hankali, ka jira sai ya ɗaga kai ya dube ka, sannan ka bari shi ya taso ya zo wurinka. Ka kafa wa yaran gida wannan doka tun ranar farko, ka kuma ajiye shimfiɗar a lungun da ba a ratsawa cikin duhu. Idan ka lura karenka yana da wannan firgita, kada ka bar shi ya kwana a gadon kowa.

Da zarar ya farka sosai, sai gaisuwar ta fara, kuma tana da matakai da za ka gane su cikin 'yan kwanaki. Sau da yawa za ka tarar da shi a rigingine, ƙafafu huɗu a sama, kai ya langaɓe gefe, harshe a waje. Turawa suna kamanta wannan kwanciya da mataccen kyankyaso, kuma alama ce ta karen da ya saki jiki da gidan. Zai juyo ya miƙe, ya shimfiɗa ƙafafun gaba, ya dafe ƙasa da ƙirji, ƙugu a sama, ya yi hamma mai tsawo da ɗan sauti a ƙarshenta, sa'annan ya miƙe ƙafafun baya ɗaya bayan ɗaya. Bayan haka zai tako ya jingina da cinyarka da dukkan nauyinsa, wanda ke iya wuce kilo 30, ko ya cusa dogon hancinsa a hammatarka. Abin da yake so a wannan lokaci shi ne ka tsaya cik, ka shafa masa ƙirji da gefen wuya da bayan kunne. Minti ɗaya ya wadatar, amma a ganina wanda ya hana karensa wannan minti saboda saurin fita aiki ya yi asarar abin da ya fi daɗi a kiwon greyhound.

Akwai abubuwa biyu da ke tsorata sabon mai kare. Na farko shi ne kaɗawar haƙora: muƙamuƙinsa na ƙasa zai riƙa rawa da sauri, haƙoran suna ƙas-ƙas-ƙas kamar na mutumin da sanyin hunturu ya kama. A wurin greyhound wannan yawanci zumuɗi ne, musamman idan ya gan ka ko ya ga kwanon abinci. Na biyu shi ne yaƙe, inda zai ɗage leɓensa na sama haƙoran gaba su fito fili. Domin ka bambanta yaƙen murna da gargaɗi, kada ka dubi baki kaɗai, ka dubi jikin gaba ɗaya. Mai murna jikinsa a sake yake, yana lanƙwasa, idanu a lumshe, kai a ɗan sunkuye, wutsiya tana kaɗawa, wani lokaci har da atishawa. Mai gargaɗi kuwa sandarewa yake yi, ya kafe ka da ido, wutsiya ta tsaya, kana jin gurnani daga maƙogwaro. Idan ka ga alamar gargaɗi, ka ja da baya ba tare da faɗa ba. Wasu kuma suna ɗan tsattsaga hannun rigarka da haƙoran gaba kamar mai neman ƙuma, wasu su ɗaga hanci sama su rera dogon kuka, wasu su ɗauko maka takalmi. Greyhound ba kare ne mai yawan haushi ba, don haka kada ka sa ran zai yi maka gadi.

Wutsiyarsa tana bukatar kulawa ta musamman, domin doguwa ce, siririya, kusan ƙashi da fata kawai, kuma idan murna ta kama shi yana kaɗa ta kamar bulala. A cikin ƙunƙuntar baranda ko kusa da ƙofar kabad bakin wutsiyar yana iya fashewa, sai ka ga ɗigon jini a bango, kuma irin wannan rauni yana da wuyar warkewa tunda gobe ma zai sake buga shi. Maganin shi ne ka zaɓi wurin gaisuwa mai fili, ka ja shi can kafin ka fara yi masa magana. Idan yana da ɗabi'ar yin tsalle ya dafa ƙirjinka, ka juya masa gefe, ka yi shiru, kada ka taɓa shi sai ƙafafunsa huɗu sun koma ƙasa. Wanda ba ya son karen ya taɓa masa tufafin salla ma da wannan hanya zai koya masa iyakarsa.

Kada gaisuwa ta yi tsawo kafin a fitar da shi, domin ya kwana da fitsari, kuma a gidan horo abin da ake fara yi ke nan. Ka bi da shi ta ƙofa ɗaya zuwa wuri ɗaya kullum, ka yaba masa idan ya yi. A makonnin farko ka tuna cewa wataƙila bai taɓa taka tayil mai santsi ba, bai san matakala ba, bai kuma san gilashin ƙofa ba; ka shimfiɗa darduma a hanyarsa, ka manna wata alama a gilashin daidai tsayin idonsa, ka riƙe abin wuyansa a matakala har ya iya.

Ƙorafin da aka fi ji daga masu sabon greyhound shi ne yana tashin gida tun ƙarfe biyar da kuka da zirga-zirga. Agogon gidan horo ne ke jikinsa, kuma ana iya gyara shi sannu a hankali. Ka fitar da shi na ƙarshe dab da kwanciya, ka sa labule mai kauri, ka kuma duba ko sanyi ne ke tashinsa, domin fatarsa ba ta da kauri, gashinsa gajere ne, ba shi da kitse sosai, shi ya sa a Ingila ake sa musu rigar barci a lokacin hunturu. Idan ya tashe ka da wuri, ka fitar da shi ba magana, ba wasa, ba abinci, ka mayar da shi shimfiɗarsa. Idan ka kuskura ka ba shi abinci don ya ƙyale ka, to ka koya masa cewa kuka ne ke kawo karin kumallo. Sai ka saita ƙararrawar wayarka kaɗan kafin lokacin da ya saba tashi, ya zama ƙarar ce ke buɗe safiya, sannan ka riƙa matsar da ita gaba da minti goma duk bayan 'yan kwanaki.

Bayan ya rage ciki, da yawansu sukan ɓarke da gudu ba gaira ba dalili, su zagaya fili sau uku ko huɗu, su yi juyi a wuri ɗaya, su tsaya suna haki. Ka manne da bango, ka janye yara da tsofaffi, ka tabbata babu ƙarfe ko waya ko reshe mai tsini a filin, saboda abin da zai ɗan karci wani kare shi yaga masa fata zai yi har sai an ɗinke. Wannan gudu bai kamata ya haɗu da abinci ba. Karnuka masu zurfin ƙirji suna cikin haɗarin kumburin tumbi da murɗewarsa, shi ya sa ake ba da shawarar a bar tazarar kamar sa'a guda tsakanin cin abinci da guje-guje. Idan ka ga cikinsa ya kumbura, yana yunƙurin amai ba abin da ke fitowa, yana dalalar da miyau ya kasa zama, ka garzaya da shi wurin likitan dabbobi nan take.

Yawon safe ba ya bukatar tsawo; minti ashirin zuwa talatin ya ishi yawancinsu. Ka yi amfani da abin wuya mai faɗi wanda ke ɗan tsukewa idan an ja, domin kansa bai fi wuyansa kauri ba, kuma abin wuya na yau da kullum zare shi yake yi. Kada ka kwance igiya a wurin da ba shi da shinge, kuma ka sa masa takunkumin da ya zo da shi har ka san halinsa da kyanwa da ƙananan karnuka. In ya ƙame a hanya ya ƙi motsi, tsoro ne ko ruɗewa. Ka ba shi ɗan lokaci, ka juya da shi a zagaye, maimakon ka finciko shi.

Idan ka san gaisuwar karenka, ranar da ta canja za ka gane da wuri. Karen da ya saba miƙa da jingina amma yau ya ƙi tashi, ko yake ɗingishi a kan kwalta alhali yana tafiya daidai a kan ciyawa, ka duba tafin ƙafarsa, domin greyhound yana yawan samun wani taurin fata mai zafi a wurin. Warin baki da jan dasashi ma sun zama ruwan dare a wannan jinsi, kuma kaɗawar haƙora da ta zo tare da ƙin cin abinci ciwo take nunawa, ba murna ba. Idan kuwa ya ci, ya sha, ya koma shimfiɗarsa kafin ƙarfe tara ya sake baje ƙafafu sama, kada ka damu, domin greyhound yana iya yin barcin sa'a 16 zuwa 18 a rana.